Gudun Badaru a Tsakiyar Rana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda Ya halicci jiki Ya kuma sanya masa iyaka. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, wakilan shugabannin ƙananan hukumomin Kankia da Kusada, iyayen ƙasa hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah Ya ja zamaninku. Malamanmu da limamanmu, Allah Ya gafarta malamai. Masu horar da matasa. Iyayena mata da ke zaune can ƙarƙashin rumfa. Da ku samari da kuka cika wannan fili tun da hantsi, wasu daga Sukuntuni, wasu daga Ƙofa: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Haulatu Haladu, ma'aikaciyar jinya, haifaffiyar Bauranya. Ina godiya ga ƙungiyar matasan da ta share wannan fili ta kafa ƙarafan motsa jiki a cikinsa, ina kuma godiya da aka ga dacewar a ba ni dama in yi magana a ranar buɗe shi. An ce in yi bayani a kan yadda ake horar da jiki ba tare da an cutar da shi ba. Ni ba na gudu, ba na ɗaga ƙarfe, amma na yi jinyar wanda ya yi duka biyun har suka kwantar da shi, kuma ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunansa Badaru. Da izininsa zan ba ku labarinsa.

Su uku suka tashi tare a Bauranya, shi da Manu da Jaji, kuma burinsu ɗaya ne, aikin soja. Tare suke fita gudu bayan sallar asuba, tare suke dawowa suna dariya, tare suka je tantancewa. Aka ɗauki Manu, aka ɗauki Jaji, shi kuwa Badaru ya makara da 'yan taku a gwajin gudu, aka ce ya koma gida. Ya raka su tasha, ya ɗora masu jakunkuna a mota, ya tsaya har motar ta ɓace, sannan ya dawo a ƙasa shi kaɗai.

Daga nan Badaru ya canza. Shekarunsa sun kai bakin iyakar da ake ɗauka, saura zagaye ɗaya ya rage masa, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa ragwanci ne ya kayar da shi. Ya daina zama majalisa, don duk wanda ya gan shi sai ya ce, "Soja, yaushe za a tafi?" Da wasa suke faɗa, shi kuwa ba wasa yake ji ba. Ya cika manyan gwangwanaye da siminti, ya soka rodi a tsakani, ya riƙa ɗagawa a bayan ɗaki. Ya riƙa kallon masu ɗaga ƙarfe a waya, waɗanda ke cewa wanda bai sha wuya ba bai yi komai ba. Ya bar gudun asuba ya koma gudun tsakiyar rana, a cikin bazara, da buhun yashi a bayansa, kuma ba ya shan ruwa sai ya dawo, wai don zuciyarsa ta bushe. Ranar hutu babu. In jikin ya yi tsami, sai ya aika kemis a sayo masa ƙwayar kashe ciwo, ya haɗiye ya sake fita.

Mahaifiyarmu ta ce masa, "Badaru, wannan abu da kake yi, ko jaki aka yi wa sai ya kwanta."

Ya ce, "Inna, jaki ba ya neman khaki."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Ni a lokacin aiki ya kai ni nesa da gida, ta waya kawai muke gaisawa, kuma kullum amsarsa ɗaya ce: lafiya lau.

Wata rana da azahar ya faɗi a kan hanyar da ke tsakanin Ƙofa da Bauranya. Babu kowa a hanyar a irin wannan lokaci, kowa ya nemi inuwa. Wata Bafillatana mai tallan nono, Hawwa'u, ita ce Allah Ya kawo. Ta sauke ƙwaryarta, ta kwance masa buhun, ta ja shi har gindin wani gawo, ta juye masa ruwan goranta a ka da ƙirji, ta yi ta ƙwala kira har wani makiyayi ya ji ya nemo babur. Da na iske shi a asibiti, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Likita ya ce naman jikinsa ne ya farfashe saboda wahala da zafi da ƙishirwa, dattin ya toshe ƙoda. Aka wuce da mu Katsina, aka yi masa wankin ƙoda, Allah Ya sa da sauran kwana. Yana kwance a wannan gado aka yi tantancewar da yake jira, aka gama, aka rufe.

Jama'a, a nan maganata ta farko take. Jiki amana ne, kuma ba a gina shi da fushi. Ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, domin sauri kan haifi nawa. Manomi ya san gona ba ta ba da amfani don an yi mata noma uku a yini ɗaya. Ƙarfin da kuke nema ba a wurin ɗaga ƙarfe yake shiga jiki ba, a wurin barci da abinci da hutu yake shiga. Saboda haka ranar hutu tana cikin horo. Ku yi gudunku da sanyin safiya ko da yamma, ku sha ruwa kafin ƙishi ya kama ku, kuma kada ku toshe bakin ciwo da ƙwaya, don jiki magayi ne. Wanda ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko ya ga tsokarsa ta kumbura ta yi tauri, ko fitsarinsa ya yi duhu bayan horo, ya tsaya, ya nufi asibiti a ranar, kada ya jira gobe.

Magana ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina, domin ita babu allurarta. Mun dawo da Badaru gida, ƙoda ta tashi, ƙafafu suka fara ɗaukarsa, amma ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Manu da Jaji suna kira daga bariki, sai ya kifa wayar. Suka turo hotunansu cikin khaki, bai buɗe ba. Masu zuwa dubiya suka zo a makon farko, suka yi addu'a, suka koma harkokinsu, kamar yadda duniya take. Na shiga wurinsa wata yamma da kwanon fura, na tarar yana kallon bango.

Na ce, "Ƙanena, ina ke maka ciwo?"

Ya ce, "Yaya, ba ciwon ke damuna ba. In na warke, mi zan tashi in yi da safe?"

Na ajiye masa kwanon furar na fito.

Mahaifinmu, Malam Haladu, mutum ne marar yawan magana, kuma bai yi masa wa'azi ba. Wata safiya bayan sallah ya ƙwanƙwasa ƙofar ya ce, "Tashi ka raka ni gona, idona ba ya gani sosai." Idonsa lafiya lau. Suka fita, tsoho a gaba da sandarsa, saurayi a baya yana jan ƙafa. Ranar farko ko bakin gari ba su kai ba Badaru ya zauna a kan wani kututture ya yi kuka, Baba ya tsaya yana kallon gabas har ya gama. Washegari ya sake ƙwanƙwasawa. Haka suka yi ta yi har damina ta sauka, har aka yi girbi.

Ku samari, an gaya maku cewa mai ƙarfin zuciya shi ne wanda ba ya jin ciwo, wanda ba ya tsayawa, wanda ba ya buƙatar kowa. Badaru ya yi duk wannan, ya kai shi gindin gawo. Ni ƙarfin zuciyar da na gani da idona shi ne na ranar da ya buɗe ƙofar nan, ya san ba soja zai zama ba, ya san babu mai tafa masa, ya kuma sa takalmi ya fita. Wanda ya iya faɗuwa jarrabawa ya dawo cikin mutane, wanda ya iya cewa yau na gaji, wanda ya iya cewa ku taimake ni, shi ne zai daɗe a wannan fili.

Sai roƙona ga shugabannin ƙungiya. Kada ku bar kowa ya yi horo mai tsanani shi kaɗai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku ajiye randar ruwa a bakin fili, ku rufe shi idan rana ta take. Sannan idan lokacin ɗaukar aiki ya zo, za ku yi wa waɗanda suka dace rakiya da murna, wannan daidai ne. Amma ku san sunayen waɗanda aka dawo da su, ku je gidajensu, ku ci gaba da zuwa bayan kowa ya daina.

Yanzu gwiwoyin Baba sun gaza, ba ya iya fita. Badaru yana noma gonarmu, kuma likita ya yarda masa ya fara ɗan sassarfa da safe. Shi kaɗai yake yi. Na so in zo da shi yau, har na goge masa riga. Ya rako ni bakin titi, ya tsayar mani da mota, sannan ya ce, "Yaya, ki faɗa masu komai, kada ki rage. Amma ban kai in zauna in kalli ana gudu ba tukuna." Motarmu ta tashi, na waiga, na gan shi tsaye a inda na bar shi.

Ya Allah Ka ba matasanmu lafiyar jiki da natsuwar zuciya. Ka sa wannan fili ya zama wurin gina su, Ka tsare su daga abin da zai karya su. Wanda ya nema ya samu, Ka sa masa albarka. Wanda ya nema bai samu ba, Ka musanya masa da mafi alheri, Ka kuma ba shi abokin tafiya. Allah Ya saka wa Hawwa'u da alheri a duk inda take. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.