Mikro Ya Kai Maganata Kunnen Kawu

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ne Sani daga Yantala. A littafi na koya wa kaina jita, kullum ina cika baki cewa wanda bai karanta kiɗa ba hayaniya yake yi. Makon jiya na kai kawuna mai molo studiyo mu ɗauki waƙa. Ya yi ta kauce wa kiɗana, raina ya ɓaci. Na kau da kai na yi gunaguni: "Tsohon nan kunnensa ya mutu." Ashe mikron ko numfashi kamawa yake, na'urar sauraro kuma na kunnen Kawu. Ya cire a hankali ya ce, "Na ji, ɗana." Ya fita.

Jama'a, da wane baki zan ba shi haƙuri? Kawu, in kana saurare, don Allah ka dawo.