Lambar da Maiwada Ya Toshe

A filin jirgin Sarki Khalid, can ƙasar Larabawa, Sahadatu, dattijuwa 'yar Damagaram, tana zaune wayarta sai ruri take yi. Wani saurayi direba da ke gefenta ya kasa haƙuri.

"Hajiya, 'yan gida ne ko? Toshe su ki huta."

"In toshe wa, ɗan nan?"

"Akwai wani malamin gyaran rayuwa da nake saurara a waya. Ya ce duk mai kawo maka damuwa ka yi masa katanga, in dai kana son ci gaba. Ni tun azumi na toshe yayata Nazira. Kullum kuka, yau Inna ciwon ƙafa, gobe Inna ta ƙi abinci. Yanzu halas, magana ta ƙare, barci nake har da minshari."

"Innar tana da waya?"

"A'a, ta wayar Nazira muke gaisawa."

"Ashe ba Nazira ka toshe ba."

Saurayin ya ciro wayarsa.

"Ni ban toshe kowa ba," in ji Sahadatu. "Matar kafilina, uban gidan da nake wa aikatau, ke ƙwace wayar, sai Juma'a take ba ni. Ranar da ta ba ni, na tarar har an binne ɗana. Waɗannan masu gaisuwa ne."

Saurayin ya buɗe lambar Nazira, ya kira. Aka ɗauka. Har Sahadatu tana jin hayaniyar mata, can wani yana jan addu'a.

"Maiwada?" Muryar Nazira a dashe. "Sai yanzu? Har Inna ta cika tana cewa a ƙara gwada lambarka."