Tulun Zumuntar Mata

A tashar Kurudu, muna jiran mota ta cika, wani dattijo ya dubi matar da ke gefensa rungume da tulu.

"Mama, ki ba direba ya sa a but ɗin mota mana."

"Baba, ba na ruwa ba ne, na kiɗan zumuntar mata ne. Zan mayar wa coci kayansu."

"Kin daina bugawa?"

"Tun da na binne ɗana Yamusa, wata tara ban taka coci ba. Shekara ashirin ina buga wa Allah tulu, ya ɗauke mini ɗa tilo. Me zan rera masa?"

"Ni ma na binne matata. Na shekara ina gaba da Yesu, shi bai yi gaba da ni ba."

"Ku maza kun iya mantuwa."

"Wa ya manta? Har yau kofi biyu nake ɗaukowa da safe. Amma Mama, tun da muka zauna hannunki ke buga tulun nan."

Ta dubi hannunta.

"Yau suna koyon waƙa," in ji ta. "Rosemary da ta gaje ni kuwa ɓata musu kiɗa take yi. Bari in nuna mata tukuna."