Jar Igiya

A rumfar mai sayar da ciyawar dawaki, wani magidanci ya tsaya yana jujjuya damin alfalfa.

"Taka ganyenta bai zube ba," in ji shi.

"Da raɓar safe muke tattara ta, Malam. Kai ma kana nomawa ne?"

"Ina taɓawa. Bana Baba ya sakar mini gonar, na yi gaban kaina, na tattara da tsakar rana. Ganyen duk ya kakkaɓe, sai tsinke. Dokinsa ko sunsunawa ba ya yi."

"Sai haƙuri. Dami nawa?"

"Biyu. Amma kwance igiyarka, ka ɗaure da wannan." Ya zaro jar igiya daga aljihu. "Da ita muke ɗauri a gida. Kada tsohon ya gane."

Mai rumfar ya daɗe yana kallon igiyar.

"Baban naka yana ɗan ɗingishi?"

"Ka san shi ne?"

"A'a. Jiya dai wani dattijo ya sayi uku, ya kawo irin igiyar nan. Ya ce cikin na ɗansa zai cusa su, kada yaron ya ji kunya."

Magidancin ya naɗe igiyarsa a hankali, ya rasa inda zai sa idonsa.