A Gama Yafiya a Gure, Jirgi Ba Ya Jira

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Mai girma sufurefe mai mulkin wannan yanki, mai martaba sarki da ƴan majalisarsa, liman da na'ibansa, shugaban wannan taro Alhaji Jibirin, masu unguwanni da ardon kowace ruga, iyayenmu mata, baƙinmu na Kelle da Alakos, maniyyata aikin hajjin bana, da kuma ku masu rakiya da kuka ninka maniyyatan yawa kamar yadda aka saba, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da Ya tara mu lafiya. Ina godiya ga shugaban taro da ya ba ni dama, ya kuma raɗa mini a kunne cewa in taƙaita. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Manzo, wanda aka ɗora wa jagorancin alhazan Gure bara, aka sake ɗora masa bana, ko don an ga ya iya, ko don ba a sami wani mai ƙarar kwana ba.

Magana ta farko, jama'a, ita ce mu san mene ne jirgin sama. Da yawanmu mun ɗauka kamiyo ne, wato babbar mota, mai fiffike, wanda in ya cika ya tashi, in mai unguwa bai gama alwala ba ya jira. To ba haka ba ne. Tun kafin damina ta ɗauke masu jirgi suke zama su tsara tafiyarsa: daga Yamai ya biyo Damagaram ya ɗauke mu, ya sauke mu a Jidda, ya juya ya ɗauko mutanen wata ƙasa da su ma suke zaune da ƙunshinsu. A Jidda kuwa, na gani da idona, jirage ne daga gabas da yamma, wannan na sauka wancan na shawagi a sama yana jiran a kira shi. Kowane jirgi an yanka masa lokacin saukarsa. Ku makiyaya kun san bakin rijiya da rani: garke na bin garke, wanda ya makara ya koma baya. Bambancin kawai, a rijiyarmu in ka makara kana iya cewa mai guga surukinka ne. A Jidda ba mu da suruki ko ɗaya.

Magana ta biyu, abin da muka yi bara. Muka isa filin jirgin Damagaram, maniyyata a kamiyo guda, masu rakiya a sauran, har da makaɗa, har da wani da ya ce shi ya zo ne ya ga ko jirgi na da wutsiya. Jirgi ya sauka da hantsi, aka kafa tsani, aka ce bismillah. A nan ne mutanen Gure suka tuna ba a yafi juna ba. Ba na kushe yafiya, Allah Ya tsare ni; iyaye da kakanni sun koya mana cewa mai tafiya ɗakin Allah ba ya fita da haƙƙin kowa a wuyansa. Amma mun yi wata guda muna shiri a gida, muna haɗuwa a kasuwa, muna haɗuwa a masallaci, ba wanda ya tuna laifinsa sai da ya ga tsani.

Hammajoda, ga shi can zaune da farin rawani, a lokacin bai zama Alhaji ba, ya ɗora ƙafa guda a tsani, sai ya waiwayo ya hango Fannami cikin masu rakiya. Ya sauko ya ce, "Fannami, shekarar da shanuna suka shiga maka kwari suka cinye rogo, ka yafe mini." Kun san tsakanin Bafillace da Babarbare, wasa ne da aka gada. Fannami ya gyara hula ya ce, "Yau ga Bafillace a hannuna. Ba ni yafewa sai ka faɗa gaban jama'a cewa ni ne ubangidanka." Hammajoda ya ce, "Gara in mutu ban ga Makka ba." Jama'a suka kewaye su, aka rabu biyu, aka shiga jawo tarihin kakanni. Muka yi dariya har da hawaye, ni ma na yi.

Matuƙin jirgi ya leƙo ta taga yana nuna mana agogon hannunsa. Abarshi ɗan kasuwa ya ɗaga murya ya ce agogon ya yi kyau ƙwarai, ko na sayarwa ne? Daga nan ya ga jama'a sun taru, ya ga bai kamata a watse ba jawabi ba, ya hau kan buhu ya fara da gaisuwar manya. Bai kai ga iyayenmu mata ba aka janye tsani. Lokacinmu na sauka a Jidda ya riga ya kuɓuce, an ba wani jirgin, namu kuma yana da mutane a gaba da ke jiransa. Ya tashi fayau da kujerunmu, mu kuwa muna ɗaga masa hannu, wasu har suna cewa a sauka lafiya.

Magana ta uku, ku ba ni kunnuwanku, don wannan ba ta dariya ba ce. Bayan kwanaki muna kwance a rumfa, masu jirgi suka roƙo mana wani lokacin saukar, amma jirgin da ya samu ƙarami ne. Ranar ba wanda ya nemi yafiyar kowa. Mai ƙarfi ya shiga, mai gwiwar hannu ya shiga. Goggo Dija ta unguwar gabas, tsohuwar da ta yi wa iyayen rabin wannan taro wankan jego, ba ta iya turereniya ba. Ta tsaya tana gaida mai riƙe da tsani, tana tambayarsa mutanen gida, aka rufe ƙofa. Kafin a sami wani jirgin an daina karɓar maniyyata a can. Ta dawo Gure cikin kamiyon masu rakiya, da butarta da tabarmarta. Ƴaƴanmu suka bi ta da waƙa suna kiranta Hajiyar Damagaram, ba mu kwaɓe su ba. Wallahi duk ranar da na tuna wannan sai in ji kunya ta rufe ni. Bana idonta ya ƙara dushewa, ƙafa ta ƙara nauyi, ita da bakinta ta ce ba ta sa ran wata shekarar.

Magana ta huɗu. Wakilin masu jirgi ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye, in muka sake ɓata musu lokaci bana za su cire Damagaram daga hanyarsu, mai son hajji ya bi mota har Yamai. Matasa za su iya. Goggo Dija da irinta ba za su kai ba.

Saboda haka ina roƙonku, don girman Allah ina roƙonku: mai laifi ya tuna laifinsa yanzu, mai kuka ya yi kukansa yanzu, mai saƙon zamzam da dabino ya faɗa yanzu. Rakiya ta tsaya a bakin gari. Mai jawabi kuma ya adana shi, idan mun tafi ya yi wa waɗanda suka rage, na tabbata Abarshi zai kai ga iyayenmu mata a wannan karon.

Wataƙila kun lura Goggo ba ta cikin taron nan. Tun da aka sallame sallar asuba ta hau kamiyo ta zauna bayan direba, ta ce ba mai sauko da ita. Na je na ce, "Goggo, jama'a na son ku yi ban kwana." Ta ce, "Manzo ɗana, ka gaya musu na yafe wa kowa, har da yaran da suka yi mini waƙa, ni ma a yafe mini. Amma Hammajoda da Fannami, tasu yafiyar na ƙulle ta a bakin zane. Sai ƙafata ta taka ƙasar Jidda zan kwance." Wannan ne dalilin da ya sa ba ku ga Fannami a nan ba. Yana can gindin kamiyo da sanda, duk wanda ya matso da niyyar gaisuwa sai ya kore shi. Alhaji Hammajoda kuwa tun ɗazu yake yi mini alama da hannu in yi shiru, kuma yau shi ke da gaskiya.

Allah Ya kai maniyyatanmu lafiya, Ya karɓi ibadarsu, Ya dawo mana da su lafiya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya dabbobinmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah Ya sa kafin jibi Goggo Dija ta kwance bakin zanenta. Ku tashi mu tafi, kamiyo na jira.

Na gode.