Yashin da Haruna Ya Kwashe

Ƴan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu wanda ya tara mu yau. Ni ba gwanin magana ba ne, kuma abin da zan faɗa ya daɗe, wataƙila zan kuskure wani wuri. Sunana Sani, mutumin Filinge ne ni, cikin ƙasar Kurfai. Ciwon da Ubangiji ya raba ni da shi ba na jiki ba ne. Zargi ne.

A zamanin kumandan, wato lokacin mulkin Faransa, da ƙarfi ake ɗaukar yara zuwa lakwal, makarantar boko. An ɗauke ni tare da taubashina Haruna, ɗan kawuna. Da muka kai ajin ƙarshe, mushe, wato malaminmu, ya gaya mana za a yi jarrabawar shiga babbar makaranta ta Yamai, nahawun Faransanci da lissafi, kuma a wannan shekara, in ban manta ba, yaro ɗaya za a karɓa daga wajenmu. Mu biyu ne a gaban aji. Ni na fi shi lissafi, shi ya fi ni nahawu.

Allunan rubutu a lakwal ake kulle su, saboda haka a ƙasa muke bita. Akwai wani gawo bayan gidanmu mai yashi mai laushi. Nan nake zama bayan la'asar, in share wuri da tafin hannu, in yi ta rabawa da ninkawa da tsinke. Haruna yakan zo ya tsaya a kaina.

"Taubashi, ka koma boka? Duba mini, yaushe zan yi aure?"

"In ka iya raba goma gida uku," in ce da shi.

Wata rana na tashi na tafi, sai na tuna na bar hulata. Da na juyo, na hango Haruna tsugune daidai inda na zauna, yana kwashe yashin da na yi rubutu a kai, yana zubawa cikin ƙoƙo. Ya waiga dama da hagu, ya rufe da bakin rigarsa. Na juya na koma gida.

Kun san abin da ake cewa a ƙasarmu game da mai ɗaukar ƙasar sawun mutum, wai sammu zai yi masa. Balle ƙasar da hannunka ya rubuta, ana sauran kaɗan a yi jarrabawa. Na ce a raina, wataƙila ba haka ba ne. Washegari na laɓe, ya sake yi.

Daga nan komai ya zama shaida a idona. In ya yi mini dariya, na ce murnar aikinsa yake. In ya yi shiru, na ce kunya ce. Na daina cin tuwon gidan kawuna. Har hurar da innata ta dama, sai in tambaye ta wa ya shigo ɗakin. Mushe ya ba mu lissafin da na saba yi ido rufe, na zauna ina kallon lambobi kamar ban taɓa ganinsu ba. Na ce, shi ke nan, an kwashe kaina cikin ƙoƙo.

Da na rame, innata ta kai ni wurin likitan garin, wani mutumin Dahomai da muke kira Mushe Filib. Kirista ne, kuma a lokacin ban san wani Kirista ba sai shi. Ya duba idona da harshena, ya ce bai ga cuta ba. Ban san abin da ya sa na gaya masa zancen yashin ba, domin shi ma ban yarda da shi sosai ba. Bai yi dariya ba. Ya ce da Hausarsa mai karyewa, "Yaro, magani babu. Addu'a akwai. Kana so?"

Na ce to, don ladabi kawai. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Yesu, ka san abin da ke cikin ƙoƙon nan, ka san abin da ke cikin zuciyar yaron nan. Ka ba shi ƙarfin tambaya." Ba zan ce na ga haske ko na ji murya ba. Abin da na sani, na fito ina jin yunwa, kuma ƙafafuna suka kai ni gidan kawuna.

Na tarar da Haruna yana gyaran darni. Na ce, "Mi kake yi da yashina?"

Ya sunkuyar da kai. "Sha nikai."

"Sha?"

"Kaka ta ce in ana wanke allo a sha ilimi, mi zai hana a wanke naka lissahi? Jiƙawa nikai in tace. Ta ce kana da shi da yawa, ba ya raguwa." Ya shafa cikinsa. "Wallahi taubashi, ban da ciwon ciki ban samu komi ba."

Ƴan'uwa, na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga baya dariyar ta koma kuka. Ashe yaron da nake tsoro, shi ma tsoron jarrabawa yake ji!

Kwanakin da suka rage, tare muka zauna gindin gawon. Na koya masa rabawa, ya zaunar da ni kan nahawu, yana zagina duk inda na kuskure.

Da sakamako ya zo, mushe ya tsayar da mu ya kira suna ɗaya. Haruna ne. Na ji zafi, ba zan ɓoye muku ba. Amma na tsaya ina laluben zuciyata, ina jiran muryar nan ta ce mini, ka gani, yashin ya yi aiki. Ba ta zo ba. Ni na ɗaukar masa akwati zuwa bakin hanya. Shekara ta zagayo, na bi shi Yamai, kuma a can ne, bayan dogon tunani, na ba da gaskiya.

Har yau ni mai yawan tsoro ne, matata na nan za ta shaida. Amma in zato ya taso mini, nakan yi addu'a, sannan in tashi in je in tambaya. Ina gode wa Yesu da ya mayar mini da ɗan'uwana. In akwai wanda ya zo nan yau ɗauke da zargin wani, ina roƙonka, ka dogara ga Ubangiji, ka je ka tambaye shi tun yana raye. Amin.