Tambayar da Mai Rijiya Ya Tafi da Ita

Malam Liman, shugaban masu haƙar rijiya, dattawan unguwa, uwargidan marigayi da 'ya'yansa, jama'a, assalamu alaikum.

Ni ne mai riƙe masa igiya. Yana ƙasa yana haƙa, ina sama ina jan guga, har furfura ta riske mu. Ku yi mini haƙuri, yau raina a ɓace yake, kuma ba zan yi rufa-rufa ba.

Ya kasance mutumin da bai taɓa yaudarar mai gida ba. In ya haƙa bai ga ruwa ba, sai ya fito ya ce babu. Ya kasance mai shiga rijiyar da kowa ke tsoro, ya ciro akuya, ya ciro ɗan mutum. Ya kasance mai tambaya, kuma a nan ne muka gaza masa.

Bayan rasuwar 'yarsa, muna hutawa a bakin rami, ya ce da ni: "In na girgiza igiya, kana amsawa. Tun da yarinyar nan ta kwanta ciwo nake kiran Allah, shiru. Uban da ke son ɗansa zai ɓuya yana jin kukansa? Ko dai babu kowa a saman ne?"

Na ce masa ai ruwa ma a ɓoye yake. Ya ce ruwa bai taɓa cewa yana ƙaunarsa ba. Na kai shi wurin waɗanda suka fi ni sani, suka ce ya yi istigfari, suka kakkaɓe riga suka tashi. Daga nan tsegumi ya fara. Muna shan ruwan rijiyarsa, muna cin namansa.

Jiya wani ya tare babban ɗansa a ƙofar gida, wai kada ya wahalar da bakinsa wajen yi wa uban addu'a. Kai wa ya naɗa ka alƙali? Ni na zauna a gefen tabarmarsa har ƙarshe, bai daina kira ba. Wanda ya tabbata babu kowa a sama ba ya ci gaba da jan igiya.

Ɗana, ɗago kanka. Yi wa mahaifinka addu'a a fili, mu za mu amsa. Uwargida, ki yafe mana, mun bar ki ke kaɗai da shi.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Ya Allah, bawanka ya neme Ka yana kuka, mu kuma muka guje shi. Ka gafarta masa, Ka gafarta mana. Amsar da muka kasa ba shi, Kai Ka ba shi. Amin.